Gorar Bapu a Gidan Birmati

Duk wanda ke zaune a layinmu na Najafgarh, nan gefen Delhi, ya san ranar Talata da ranar Juma'a ba a tsayar da Birmati da surutu. Da sassafe za ka ga ta fito rungume da wata 'yar jakar zane, tana sauri kamar wadda ta bar madara a kan wuta. Ko gaisuwa a tafe take amsawa. Matan layi kuwa ba su taɓa rasa abin faɗa ba.

"Birmati, an tafi kai wa likitoci tsarabar?" in ji mai sayar da kayan miya ta bakin kwana.

"An tafi," in ji Birmati, ba ta ko waiwaya ba. "Ke ma kawo naki mana, mu ga ko za su karɓa."

Sai layi ya ɗauki dariya, don kowa ya san abin da ke cikin jakar. Robar asibiti ce mai murfi, a cikinta kuma bayan gidan Birmati ne na safiyar ranar. Kada ka yamutsa fuska, mu ma mun yamutsa tamu har mun gaji. A can asibitin ana tacewa, a fitar da wasu ƙananan halittu masu rai da ke zaune a hanjin mai lafiya, a zuba su a hanjin wanda kitse ya shaƙe wa hanta, ko Ubangiji zai sa su gyara masa ciki. Kuma ba na kowa ake karɓa ba. Ana gwada mutum gwaji na fitar hankali, a ƙarshe yawanci a ce masa ya koma gida. Birmati ta wuce. Shekararta arba'in da huɗu, siririya, ba ciwon suga, ba hawan jini, kuma yau shekara shida ke nan ƙwayar magani ba ta wuce maƙogwaronta ba. Lokacin da haƙori ya tasa ta a gaba har kuncinta ya kumbura, kanumfari ta cusa a wurin ta yi ta hawaye, amma ta ƙi kusantar kemis.

Waɗanda ba su san ta ba suna cewa taurin kai ne. Wanda ya taɓa shiga ɗakinta ya ga wata gorar tagulla a kan kantar ɗakin, ita kaɗai, a goge tas, shi ba ya cewa haka.

Gorar ta ubanta ce, Zile Singh, daga wani ƙauye gefen Rohtak. Ɗan kokawa ne a zamaninsa, irin waɗanda in sun shiga fili yara ke hawa bishiya don su gani. Ɗan kokawa a wajenmu da madarar ɓauna, irin ta gida da muke kiwo kamar shanu, da man shanu ake gina shi, shi kuwa Zile Singh an gina shi da kyau. Gwiwa ta raba shi da fili tun yana ɗan arba'in, amma ba wanda ya gaya wa cikinsa an daina kokawa. Haka ya ci gaba, gurasar gero a jiƙe sharkaf da man shanu, dunƙulen mazarƙwaila a kai, kwanon madara ya bi baya. Giya kuwa ko warinta bai sani ba, kuma yana alfahari da hakan.

Yana da wata ɗabi'a da har yau ake kwaikwayonsa da ita a ƙauyen. In ana biki aka zo zuba masa ƙari, sai ya kife tafin hannunsa a kan faranti ya ce, "A'a, na ƙoshi." A sake miƙo masa, ya ɗaure fuska ya ce, "Na ce muku a'a." A karo na uku sai ka ga hannun ya zame gefe a hankali, yana kallon sama kamar ba shi ba. Haka dattawanmu suke, karɓa a tayin farko kwaɗayi ne a wurinsu. Amma nasa ya fi na kowa, har masu rabon abinci kan ƙirga masa a fili, "Ɗaya! Biyu! To Bapu, ɗage hannu." Bapu, wato baba, haka kowa ke kiransa, da 'ya'yansa da waɗanda ba nasa ba.

Gida ɗaya ne a duniya da ba a yi masa tayi, gidan Birmati. A al'adarmu uba in ya aurar da 'yarsa, ba ya cin abincin gidan mijinta, ba ya shan ruwan gidan. Kyauta ya bayar, kuma abin kunya ne a ga ya dawo yana cin wani abu daga wurin da ya kai kyautar. Yaran yanzu sun watsar da wannan, wasu iyayen ma har da neman ƙarin shayi. Ban da Zile Singh. Shekara ashirin yana zuwa ganin Birmati, da buhun gero a ka da tulun man shanu a hannu, kuma duk zuwa da gorarsa cike da ruwan rijiyar ƙauye. Zai zauna a gadon igiya a bakin ƙofa, ya ɗora jikoki a cinya, in ƙishi ya kama shi ya buɗe gorarsa. Satbir, mijin Birmati, direban bas ne mai son barkwanci, yakan ce, "Bapu, iskar gidan nan fa tawa ce, ita ma ka zo da taka?" Tsohon ya yi dariya har tumbinsa na rawa, amma ko ɗigon ruwan gidan bai taɓa sha ba.

Ciwon ya shigo masa a sace. Gajiya, nauyi a gefen dama, ƙafa ta fara kumbura. Da aka yi masa hoto a wani babban asibiti a Delhi, likitar, wata mace mai furfura da tabarau, ta tambaye shi kwalba nawa yake sha a rana. Tirƙashi! Ya miƙe tsaye zai bar ɗakin, da ƙyar Satbir ya zaunar da shi. Likitar ta ba shi haƙuri. Ta ce ba sai da giya ba, kitse kaɗai yana yi wa hanta wannan aikin, kuma tasa ta riga ta fara tauri. Ta ce a yanke man shanu da zaƙi tun yau. Sannan ta ce akwai wani abu da suke gwadawa, ba ta yi musu alkawarin zai warkar da shi ba, amma wasu sun ji dama. Ta bayyana musu zancen halittun hanji da siririyar robar da ake zurawa ta hanci. A lokacin daga cikin iyalin mara lafiya kawai suke karɓa.

Aka gwada ɗansa namiji, ashe shi ma kitsen ya fara taruwa a tasa hantar. Aka duba Chandro, matar tsohon, uwar Birmati, tana kan maganin suga. Aka bi 'ya'yan 'yan uwa, wannan tsutsar ciki, wancan ya sha magani kwanan nan. Birmati ta bayar da nata ne don kawai kada a ce ba ta bayar ba.

Ranar da sakamako ya fito su huɗu ne a gaban likitar, tsohon da matarsa, Birmati da mijinta.

"'Yarka ce kaɗai ta dace," in ji likitar. "Kuma ta dace sosai. Mu fara makon nan, hantar nan ba ta son jira."

Birmati ta juya ga ubanta, lulluɓinta a ja har goshi. "Bapu, ka karɓa."

Zile Singh ya dubi surukinsa, ya dubi ƙasa. Sai ya ɗaga tafin hannunsa ya kife shi a kan cikinsa. "A'a," ya ce. "Shekara ashirin ban sha ruwan gidan yaron nan ba. Yanzu abincin gidansa, bayan ya bi ta cikinki, shi za a ɗura mini ta hanci? A'a, Lado."

Lado, haka yake kiranta tun tana goye, wato 'yar lele. Birmati ta san ubanta, ko ta ɗauka ta san shi. Mutumin da ya taɓa yini cur da ƙishi a ƙofar gidanta ranar da gorarsa ta tuntsire, ai ba a ja da shi a kan wannan maganar. Ba ta sake tambaya ba.

Amma ba ta haƙura ba, dabara ta shiga nema. Kwana biyu tana juya abin, rana ta uku ta ɗaure kayanta ta ce wa Satbir ya kula da yara, ta hau bas sai ƙauye. Ta tarar da tsohon a tsakar gida yana hararar kwanon dafaffen ganye da ba ɗigon mai a ciki.

"Bapu, na zo in zauna kwana arba'in," ta ce. "Geronka zan ci, nonon ɓaunarka zan sha, ruwan rijiyarka zan sha. Ko gishirin gidan Satbir ba zan taɓa ba. In kwanakin sun cika, abin da ke cikina naka ne, kayanka ne za a mayar maka. Ko akwai magana?"

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya rufe. Daga baya ya kwashe da dariya ya ce wa matarsa, "Kin ji 'yarki? Da namiji ce da ta kayar da duk ƙasar nan." Maganar ta zaga ƙauye, tsofaffi suka yi ta jinjina hikimar yarinya. Da aka buga wa likitar waya ta yi faɗa, ta ce kwana arba'in na mene ne, su halittun hanji ba ruwansu da gidan wa aka dafa abinci. Amma me likitar Delhi ta sani game da surukuta? Haka kowa ya ce, har da ni mai ba ka labarin nan, kuma ina jin kunyar hakan.

Birmati ta ce kwanakin nan su ne mafi daɗi a rayuwarta, kuma shi ya sa tuna su ya fi komai ciwo. Ta koma yarinya. Ita ke tatsar ɓauna, ita ke gasa gurasa, ita ke ƙwace mazarƙwaila daga aljihun tsohon yana rantse-rantsen ba shi ya sa ta a ciki ba. Da yamma ta riƙe masa hannu su zaga gona, yana nuna mata inda ya kayar da wane, inda wane ya karya masa haƙarƙari.

A kwana na talatin da huɗu ruwan rijiyar ya juya mata ciki. Shekara ashirin tana shan ruwan famfon birni, hanjinta ya manta da na gidan ubanta. Gudawa ta kama ta da zazzaɓi, ta kwanta ba ta san inda kanta yake ba. Chandro ta ruɗe. Saura kwana shida, ga 'yar da za ta ceci mijinta a kwance. Ta yi abin da kowace uwa a ƙauyenmu za ta yi, ta ruga kemis ta karɓo kafso mai ja da rawaya, irin wanda muke haɗiya a kan mura, a kan ƙurji, a kan komai. Safe da yamma ta riƙa ɗaga kan Birmati tana ba ta. Kwana uku ta miƙe garau.

Ranar arba'in suka shiga Delhi kamar masu zuwa ɗaurin aure. Tsohon ya naɗa sabon rawani. Likitar ta ɗauki takarda ta fara tambayoyinta na ƙa'ida. Da ta zo kan ko Birmati ta yi wani ciwo kwanan nan, Chandro ta riga kowa, har da ɗaga kai don jin daɗi.

"Ta yi, likita, amma na yi maganinsa. Kafso kwana uku, kin gan ta nan kamar ba ita ba."

Likitar ta ajiye biro. Ta cire tabarau ta murza idanunta. Ta ce kafson nan ba ya tantance mugu da nagari, duk abin da ya tarar a hanji shara yake yi masa. Abin da suke nema a cikin Birmati, a yanzu babu shi. Sai an jira wata uku ya sake tsirowa, a sake gwaji daga farko.

Haka suka iso layinmu. Tsohon ya zauna a gadon igiyarsa na bakin ƙofa, ya buɗe gora ya kurɓa, ya ce, "Wata uku ai kamar gobe ne, Lado. Daina kukan nan, kina ba ni kunya a gaban suruki." Da suka tashi tafiya ya manta gorar a ƙarƙashin gadon, shi da bai taɓa manta ta ba. Birmati ta ɗauka ta ajiye masa a kan kantar ɗakinta, da sauran ruwansa a ciki, wajen rabi.

Mako bakwai bayan haka, da hantsi, yana tsaye yana ba ɓauna ciyawa, ya sunkuya ya yi aman jini. Aka kawo shi Delhi a bayan motar maƙwabci. Ya yi kwana huɗu a asibiti bai san wanda ke kansa ba, a na biyar ya cika. Aka mayar da shi ƙauye aka ƙona gawar a bakin tafki bisa al'adarmu, 'yan kokawa na da da na yanzu suka cika wurin.

A rana ta goma sha uku, ranar da ake ciyar da jama'a a rufe zaman makoki, Birmati da uwarta suna wanke tukwane a bayan gida. Daga tsakar gida ana jiyo masu rabon abinci suna fama da wani dattijo, "Ƙara mana, kawu. Haba, ƙara kaɗan." Chandro ta saki tukunyar hannunta ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ni na kashe shi da kafso," ta ce.

"Mama, daina. Ba ki sani ba ne."

"Ke ma ba ki sani ba." Tsohuwar ta share hanci da gefen mayafi. "Ranar sakamako a ɗakin likitar nan, ba ki ga hannunsa ba? Ba ki ga yadda ya kife shi ba? A bas muna komawa gida ya ce mini, 'Yarinyar nan sau ɗaya ta tambaya.' Na ce to in kira ki in gaya miki? Ya ce in na kuskura ba ni ba shi, uba ba ya roƙon 'yarsa. Kwana biyu yana zaune kusa da waya. Da kika zo da zancen kwana arba'in, ta yaya zai ce miki ba sai an yi ba, alhali duk ƙauye na yabonki? Ni ma na ce a raina, kwana arba'in ai ba komai ba ne."

Birmati ba ta yi kuka ba a lokacin. Ita da ta tashi tana ƙirga wa mutumin nan ɗaya, biyu, uku a kowane biki, ita ce ta tsaya a ɗaya.

Da wata ukun suka cika ta koma wurin likitar ita kaɗai. Tambaya ɗaya ta kai mata, da an yi a makon farko, da ya rayu? Likitar ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce, "Ban sani ba. Wataƙila hantar ta riga ta yi nisa. Wataƙila kuma da ya samu wasu shekaru. Ban sani ba, Birmati." Da ta ce mata e, da ta yi kukanta ta gama. Da ta ce a'a, da ta samu barci. Wannan "ban sani ba" ɗin ita take ɗauke da ita har yau. Kafin ta fita ta ce a sake gwada ta. Aka gwada, komai ya dawo daidai, sai dai wanda aka yi domin shi ba ya nan. A shekarar asibitin ya fara ajiye na masu lafiya a cikin sanyi saboda marasa lafiyar da ba su da ɗan uwan da ya dace, Birmati ce ta fara sa hannu.

Tun daga nan take wannan zirga-zirgar. Ba ta san yawancin waɗanda ake ba nata ba. Amma in aka samu tsoho mai gardama, wanda ya ji bayanin abin ya ce gara ya mutu, ma'aikatan jinya sun san wadda za su kira. Za ta ja kujera ta zauna a gefen gadonsa. Ya ce a'a, ta sake tambaya. Ya zage ta, ta sake. Wani ta bi shi har sau tara. A gidanta ma haka ne, mu maƙwabta mun san in ka shiga ba ka fita sai ka ci, ko da yanzu ka tashi daga kan faranti. Satbir yakan ce matarsa ta mayar da tayi kokawa, amma a hankali yake faɗa, kuma ba a gabanta ba.

Gorar tana nan inda ta ajiye ta. Ba ta taɓa buɗe ta ba, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Wani lokaci in tana gogewa takan girgiza ta kusa da kunne, ruwan ƙauyen yana nan yana motsi, ko da yake kowace shekara ƙararsa na raguwa. Tsoronta shi ne ranar da za ta girgiza ta ji shiru.

Satbir ne ya gaya mini sauran, wata rana da abin ya yi masa nauyi. Ya ce duk Talata da Juma'a, in ta gama shiri ta rungumi jakarta, takan tsaya a gaban kantar kafin ta fita. Ta ja lulluɓi har goshi, kamar yadda ta yi a ɗakin likitar.

"Bapu, ka karɓa," ta ce.

Ta jira kaɗan, daidai lokacin da mutum zai ce na ƙoshi.

"Bapu, ka karɓa mana."

Ta sake jira. Daga nan sai ta juya da sauri ta fita, ta ja ƙofa. Shekara shida ke nan, ba ta taɓa faɗin na ukun ba. Ya ce ya taɓa tambayarta dalili, sau ɗaya tak. Ta ce a na ukun ne Bapu yake ɗage hannu, kuma in ta faɗa bai ɗage ba, ba ta da na huɗu.